Wanda Ya Wanke Ƙwan Agwagwa

Akwai labarin da kuke bayarwa duk Kirsimeti, bayan an ci shinkafa an ƙoshi, idan jikokina suka fara tambayar inda baƙaƙen agwagin gidanmu suka samo asali. Talatu ce ke buɗe shi, Yakubu ya ƙara masa gishiri, Rifkatu kuma ta miƙe tsaye ta kwaikwayi yadda wai uwarku ta zage da soso tana dirzar ƙwai kamar gindin tukunya. A yi ta dariya. Uwarku ta ce, "To, na ji," ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Ni kuwa in gyara zaman tabarau, in yi irin murmushin mutumin da aka cuta ya yafe. Shekara goma ke nan ana wannan wasan. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa barin kuskure ya kwana a kan allo ba sai wannan. Yau zan goge shi. Ku nemi wuri ku zauna kafin ku ci gaba.

Abin ya faru a shekarar da na yi ritaya. Ba wanda ya gargaɗe ni cewa mutumin da ya saba buga ƙararrawa makaranta ta yi tsit, idan ya koma gida zai tarar da wata hedimasta da ta riga shi kama aiki, kuma ba ta neman mataimaki. Gidanmu na Kafanchan a hannun uwarku yake tun kafin a haifi Talatu: cittar da ake shanyawa, awaki, kaji, agwagi. Mata daga ko'ina a unguwa, har daga Manchok garinsu, sukan zo mata da kaza a hammata. Ta ɗaga fiffike, ta buɗe baki, ta dubi kashi, ta faɗi abin da za a yi, kuma a yi kazar ta tashi. Likitan Kaji suke ce mata, ba da wasa ba. Ni aikina a gidan shi ne zama a gindin mangwaro da tsohuwar jarida ina gyara wa edita kurakurai da jan biro. Sau ɗaya na gwada sa hannu. Na zana jadawalin ba kaji abinci, da layuka a miƙe kamar na aji, na manna a ƙofar akurki. Kafin rana ta yi tsaka akuya ta cinye shi.

"Malam," in ji uwarku, "kaji ba su iya karatu ba. Akuya ce dai ta nuna sha'awa."

A cikin wannan zaman kashe wandon Talatu ta aiko mini da waya mai shiga intanet, wai don in rage kaɗaici. A cikinta na ga hoton agwagwar. Baƙa ce wuluk tun daga baki har ƙafa, amma idan rana ta doke ta sai gashin ya riƙa walƙiyar kore kamar kwalba. Kayuga ake kiran irin, asalinsa daga Amurka, kuma wani mai kiwo a Ibadan yana da 'yan kaɗan. Ba ya sayar da masu rai, sai ƙwai waɗanda toro ya riga ya yi aikinsa a kansu, mutum ya ƙyanƙyashe da kansa. Na nuna wa maƙwabcinmu Mista Okeke, abokin darata, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, wanda Hausarsa ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Ticha, wannan agwagwa ya yi kama da lauya." Nan take na ji na ƙara son ta.

Da na tsaya a sha'awa da ba a yi wannan babin na tarihin rayuwata ba. Amma ranar Lahadin da ta biyo, a taron zumuntar maza, aka fara rubuta abin da kowa zai kawo bikin godiyar girbi na watan Nuwamba. Wannan ya ce doya, wancan buhun citta, wani bunsuru. Ni da ban taɓa girbe komai ba sai takardun jarrabawa, sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na ce zan kawo agwagwar da Kafanchan ba ta taɓa gani ba, kuma ta hanyar ilimin littafi za a ƙyanƙyashe ta. Aka tafa. Fasto ya rubuta. Kafin in iso gida labarin ya riga ni.

"Malam, na ji za ka haifi agwagwa."

"Ƙyanƙyasa, Saratu. Ta hanyar ilimi."

"Allah ya sauke ka lafiya."

Mutumin Ibadan mutum ne mai bayani. Ya ce zai tara mini ƙwai goma sha biyu waɗanda ba su wuce sati da sakawa ba. Zai naɗe kowanne a takarda, ya binne shi a dusar katako, tsinin yana kallon ƙasa. Kada a kife kwalin, kada a jijjiga shi, kada a bar shi a rana, kuma idan ya iso in bar ƙwan su huta yini guda kafin in sa su a ɗumi, domin hanya tana kaɗa musu ciki. Ya ja numfashi zai ci gaba, ya ce akwai abu ɗaya kuma game da kamanninsu. Sai na katse shi. Na ce masa na karanta komai, ni tsohon hedimasta ne. Ku lura da wannan wurin. Malami ba abin da ya ƙi jini kamar a koya masa, kuma duk abin da ya biyo baya daga wannan katsewar ya fito.

Saura hanya. Babbar bas za ta kawo kwalin daga Ibadan zuwa Abuja, daga can kuma sai hannun Danladi direba, wanda ke jigilar Abuja zuwa Kafanchan ta Kagarko. Danladi ɗalibina ne a da. Na sha fama da shi a kan rabawa a lissafi, bai iya ba har ya fita, amma ga shi yana raba kujerar mutum uku wa mutum biyar ba ragowa. Motarsa tana hayaƙi har a tasha ba a kiranta da lamba, Gobara ake ce mata. Na saya wa kwalin kujerar gaba sukutum, na kuma riƙa bugo waya kamar mai jiran amarya.

"Sa, mun wuce Kagarko. Ƙwai suna gaishe ka."

"Rage gudu, Danladi."

"Sa, ɗazu mai keke ya wuce mu, har ya ɗaga mini hannu. Fasinja suna ta zagin iyayena."

"Ka kauce wa ramuka."

"Sa, ramukan su ne hanyar."

Daga baya na ji cewa har bel ya ɗaura wa kwalin, kuma shi ne fasinja na farko da ya taɓa ɗaura bel a cikin Gobara. Da la'asar ya kawo shi har ƙofar gida da kansa, yana riƙe da shi hannu biyu yana taku a hankali kamar dattijo mai ɗauke da farantin jibin Ubangiji. Ya ajiye, ya rusuna, ya tafi ya bar mana hayaƙi a tsakar gida.

Uwarku tana kasuwa. Ni kaɗai na yanke igiyar, na ɗaga murfin, na tona dusar, na kwance takardar farko. Baƙi. Ba baƙin da za a yi gardama a kai ba, baƙi kamar an tono shi daga murhu. Na kwance na biyu, na uku, har goma sha biyu, duk haka. Na murza ɗaya da babban yatsa, sai baƙin ya biyo yatsana. Nan na tsaya na yi tunani irin na mai ilimi, mataki-mataki, kamar yadda nake koya wa 'yan aji shida. Na ɗaya, ƙwai fari ne. Na biyu, waɗannan baƙaƙe ne, kuma baƙin yana fita. Na uku, a cikin Gobara suka zo. Na ɗauki waya na kira Danladi na wanke shi tas. Ya ce, "Sa, ai kwalin a rufe yake." Na ce masa hayaƙi ba ya neman izini.

Ku tuna wane ne ubanku. Shekara talatin da biyar kowace safiya ina bin layin asambuli ina duba farce, da wuya, da bayan kunne. Idan na ga dauɗa hannuna ba ya jiran shawarar kaina. Na ɗauko babban bahon uwarku, na ɗebo ruwan sanyi a duro, na zuba omo, na ɗauko soso. Na farko ya fito fari-fari da ɗan toka-toka, tsaf kamar ɗalibin da aka tura famfo ya dawo. Raina ya yi fari. Har waƙar sujada na riƙa rerawa. Na jera takwas a tire suna sheƙi, na miƙa hannu zan ɗauki na tara, sai na ji kwandon kasuwa ya faɗi a bayana, tumatir yana gangarawa.

Ban taɓa ganin uwarku ta yi gudu ba sai ranar. Ta fizge soson, ta janye bahon zuwa gabanta.

"Malam! Wa ka taɓa gani ya wanke ƙwan da za a ƙyanƙyashe?"

"Hayaƙin mota ne, Saratu. Dubi yadda suka..."

"Ko kashi ne a jikinsa ba a wankewa! Uwar tana shafa masa wani abu daga jikinta, shi ke tsare ƙofa kada ruɓa ta shiga. Ka wanke shi, ka buɗe wa mutuwa ƙofa. Agwagwar da ke yini a ruwa ma ba ta kai ƙwanta rafi, sai kai?"

Daidai nan Mista Okeke ya yi sallama. Ya ga Gobara ta tsaya a ƙofarmu, ya zo ganin lauyoyi. Abin da ya tarar shi ne uwarku durƙushe gaban baho, soso a hannunta, kumfa har gwiwar hannu, ƙwai takwas farare a tire. Ni kuwa ina tsaye a gefe, hannuwana a baya, tsayuwar da na saba yi a asambuli, wadda ranar ta yi mini wani amfani na daban.

"Chineke! Madam, me ka yi? Ka wanke ƙwai na Ticha?"

Uwarku ba ta dube shi ba. Ni ta duba. Ta ba ni lokacin da ya isa mutum ya faɗi jimla ɗaya, har da ƙari. Ni da na sha yin jawabin awa guda ranar rabon sakamako ba takarda a hannu, na yi gyaran murya na ce:

"Abin da ya faru ya riga ya faru, Mista Okeke. A gidan nan ba ma ɗora wa kowa laifi."

Ku duba maganar nan da kyau. Ba ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta girma ba. Uwarku ta miƙe, ta juye ruwan a gindin mangwaro, ta kwashi baƙaƙen huɗun da suka tsira ta ƙulle a bakin zanenta. Washegari, bayan sun huta kamar yadda mutumin Ibadan ya ce, ta kai su akurki ta tura ƙarƙashin wata tsohuwar agwagwarta da ta fara kwanci, wadda muke kira Sajan saboda cizo.

Bakin Mista Okeke jirgin ƙasa ne, ba tashar da ba ya tsayawa. Kafin Lahadi duk ikilisiya ta ji. Na ga mata suna haɗa kai a harabar majami'a suna dariya har da riƙe ciki, suna leƙo inda muke. A taron zumuntar mata na sati aka ba uwarku kyautar sabulu a naɗe da takarda mai ado. Ta kawo shi gida ta ajiye a banɗaki. Kun san yadda abin yake a wajenmu: mace ba ta tuɓe wa mijinta riga a bainar jama'a, balle mijin da ya koyar da rabin masu zama a benci. Ta ci gaba da tuƙa mini tuwon acca, ta kawo, ta kwashe. Abu ɗaya ne ya canja. Shekara talatin da wani abu tana ce mini Malam, daga ranar ta koma ce mini Hedimasta. Ban san kalma tana iya nauyi haka ba sai da na ji ta a bakinta da safe, tare da koko.

Ku a lokacin ba kwa gida. Talatu tana aiki a Kaduna, Yakubu da Rifkatu suna makaranta. A waya kuka ji, daga bakina. Na ce muku, "An wanke ƙwan." Kuka ce, "Kai, Mama!" Na ce, "Ku bar maganar."

Kwana biyu bayan wankin ƙwan mutumin Ibadan ya bugo ya ji ko kaya sun iso. Murna yake yi. Ya ce na ga baƙin kuwa? Ya ce haka irin suke, ƙwan farkon sakawa baƙi ne, kuma musamman ya zaɓo mini waɗanda suka fi duhu saboda ya ji ni mutum ne mai son abu na ainihi. Ya ce, "Kada dai a wanke su, Baba." Na ce masa layin ba kyau, ba na ji.

Duk da haka ban saduda ba. Na haɗa injin ƙyanƙyasa da kwali da fitilar kananzir da kwanon ruwa da ma'aunin zafi, na ajiye a ɗakin baƙi. Na rubuta wa fararen takwas lambobi da fensir, na buɗe musu rajista. Sau uku a yini nake juya su, ina sa wa kowanne alamar halarta. Duk wanda ya zo nakan gaya masa cikin sanyin murya cewa ina ƙoƙarin ceto abin da za a iya cetowa. A sati na uku ɗakin ya fara wani irin wari da na ɗora wa damina alhakinsa. Ranar wata Lahadi bayan an taso sujada Mista Okeke ya biyo ni ya duba marasa lafiya, yana sanye da farar rigarsa ta zuwa coci. Ya sunkuya, ya kai fuska kusa, ya ce, "Ticha, lamba shida yana gumi." Bai rufe baki ba lamba shida ya fashe.

Ba zan kwatanta muku ba. Wanda ya san ɓaragurbi ya sani, wanda bai sani ba ya gode wa Allah. Mista Okeke ya fito tsakar gida yana tuɓe riga yana kiran sunayen kakanninsa. Da ya samu numfashi ya ce:

"Ticha, abeg, ka sallami ajin nan gaba ɗaya. Ba mai cin jarrabawa a ciki."

Na binne su bayan katanga, da rajistar. Uwarku ta wanke rigar Mista Okeke, ta goge, ta aika masa.

Saura huɗun da ke ƙarƙashin Sajan, waɗanda a kansu alkawarin da na yi gaban fasto ya rataya. A nan ne na ci maki ɗaya tak da na samu a wannan jarrabawar, kuma ina so a rubuta mini shi. Agwaginmu na gida sati biyar suke kwanci, uwarku kuma sati biyar take jira. Ni na karanta cewa wannan irin kwana ashirin da takwas ne. Ranar ashirin da bakwai na gaya mata ta shirya kwando.

"Hedimasta, ka gama wanki ka koma duba?"

Da gari ya waye muka ji 'yar ƙara daga akurki. Ta sa hannu, Sajan ta cije ta, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya: uku, baƙaƙe kamar gawayi, da ɗan rawaya a ƙirji. Na huɗun bai fashe ba. Ta riƙe su a tafin hannu tana hura musu iska, fuskarta ta saki yadda ban gan ta ba tun ranar bahon. Ta ɗago ta ce, "Littafinka ya iya ƙirga kwana. A ba shi wannan." Ita ta raine su a kwando kusa da murhu, ita ta san ranar da za a fara barin su taɓa ruwa, ita ta gane daga muryarsu cewa mata biyu ne da toro ɗaya, tun ni ina neman shafin da ya yi bayanin haka.

Ranar godiyar girbi ta ce a kai mace ɗaya, a bar biyu su yi iri. Ni na ɗauki kwandon na bi layin masu kai baikon godiya gaban majami'a, tsakanin doya da bunsuru. Rana ta shigo ta taga ta doki bayan agwagwar, koren nan ya tashi, majami'a ta ɗauki "Kai!" Fasto ya miƙo mini makirfo ya ce in ba da shaida. Ga dama ta biyu, a gaban kowa, a gidan Ubangiji. Ina hango uwarku a sahun zumuntar mata, cikin anko, tulun kiɗa a cinyarta. Na buɗe baki na ce, duk da 'yar tangarɗar da aka samu a cikin gida, ilimi bai ji kunya ba. Tafin da aka yi ranar ban taɓa samun irinsa ba, wasu har da share hawaye. A cikin tafin na ji an doki tulu sau ɗaya. Dum.

Da muka koma gida, ko ankon ba ta cire ba, ta ɗauko bahon nan da soson nan ta ajiye a gabana.

"Hedimasta, tunda Allah ya ba ka baiwar wanki, ba kyau a bar ta ta lalace. Daga gobe a nan agwagi za su riƙa wanka. Kullum da safe a wanke shi."

Wannan shi ne asalin abin da kuke gani. Yakubu, na ji ka gaya wa surukanka cewa ubanka mutum ne mai tawali'u, tsohon hedimasta amma da hannunsa yake wanke bahon agwagi. Na gode da shaidar. Ba tawali'u ba ne, hukunci ne. Kuma duk wanda ya san agwagwa ya san ba halittar da ta kai ta iya mai da ruwa mai kyau kwata kafin ka juya baya. Da 'yar da aka bari ta girma ta fara saka, ƙwan farko baƙi, na bayansa ya ɗan yi haske, a hankali har suka koma farare da kansu, ba soso ba omo. Uwarku ta jera su a bakin tagar ɗakina daga mai duhu zuwa mai haske. Ban taɓa ganin kayan koyarwa da suka kai waɗannan tsari ba.

Watan jiya, da na yanke shawarar rubuta wannan babin, na ga ya kamata in fara biyan waɗanda na cuta. Na sami Danladi a tasha na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce saboda faɗan nan nawa ya kai motar aka sauke inji, yanzu ba mai ce mata Gobara, shi godiya ma yake yi. Sai na wuce wurin Mista Okeke. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma har yanzu yana cinye ni a dara. Na bari sai da muka yi nisa a wasa, na ce ina da wani nauyi na shekara goma da nake so in sauke. Na gaya masa komai. Ko kai bai ɗaga ba.

"Ticha, sai yau ka sani?"

"Me kake nufi?"

"Ranar nan kumfa yana kan tabarau naka. Hannun riga naka yana ɗiga a baya, ruwa ya taru a dunduniya naka kamar ka yi fitsari."

"To me ya sa ka ce wa mutane ita ce?"

"Ni? Na tambaya ne a gabanka, in ga ko za ka amsa. A waje na faɗa yadda na gani. Ko ban faɗa ba, wace mace a Kafanchan zai yarda Likitan Kaji ya wanke ƙwai? Sabulu da zumunta ya ba Madam, naka ne. An ce ya kawo maka."

Na tuna sabulun. Mai ƙamshin lemo ne. Da shi na yi wanka har ya ƙare. Na tuna tafin ranar godiya, da masu share hawaye, na gane irin hawayen. Ashe duk garin nan mutum uku ne kawai suka yarda da labarina, kuma ni na haife su.

Na dawo gida na sami uwarku tana tsince acca a tire. Na tambaye ta ko ta san mutane sun sani. Ta ce tun ranar farko. Na ce to me ya sa ta bar ni shekara goma ina yawo da abin a ciki kamar mai ɓoye wuta a aljihu? Ta ajiye tiren. Ba ta yi dariya ba.

"Mutanen gari ba ni na haife su ba, su san abin da suka sani. Amma yaran da na goya a bayan nan, duk Kirsimeti su zauna a gabana suna nuna wa 'ya'yansu wai ban san ƙwai ba, kai kana gyara tabarau. Da na so da na gaya musu tun tuni. Ba daga bakina nake so su ji ba."

Na zauna a turmi. Duk shekarun nan ina zaton mutuncina take tsarewa a idon gari. Ashe jira take ta ga ko mijinta zai iya faɗin jimla ɗaya.

To ga ta, Talatu, Yakubu, Rifkatu. Ni na wanke ƙwan. Guda takwas, da ruwan sanyi da omo, ina rera waƙa. Uwarku ta ceci huɗu daga hannuna, kuma duk baƙar agwagwar da ke yawo a gidan nan, da waɗanda aka kai Manchok da Gwantu, daga bakin zanenta suka fito. Ku gaya wa 'ya'yanku haka. Rifkatu, kada ki daina kwaikwayon, kin iya shi ƙwarai. Ki dai ari tabarau.

Jiya na karanta mata babin nan tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara mini wuri ɗaya, ta ce tumatir da albasa ne suka zube, ba tumatir kaɗai ba. Sannan ta ce, "Ya yi, Malam." Malam ta ce. Da na ga fuska ta samu, sai na tambaya ko tunda gaskiya ta fito a rubuce, maganar baho ta ƙare ke nan.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, Saratu."

"Madalla. Agwagi ba su iya karatu ba. Soso yana kan duro."